Dakali, Minti Arba'in da Bakwai

Ƙanena Nazeer fim yake yi, amma ba irin wanda kuka sani ba. A nasa babu jarumi, babu jaruma, babu ko mugun kawu. Yakan kafa kyamara a gaban abu guda, ya tafi ya sha shayi, ya dawo ya kashe, ya ce an gama. Ranar da na tambaye shi labarin me fim ɗin yake bayarwa, sai ya dube ni da tausayi ya ce, "Yaya Zaituna, ai ba kowane fim ne yake ba da labari ba." Na ce to Allah ya ba da sa'a, ai ba kowace miya ce ake sa wa gishiri ba.

Shi ya jawo mana bikin. Wata ƙungiya ce ta masu irin wannan sana'a take shirya taron kallon finafinansu duk shekara, a wannan karon kuma suka ce a cikin birni suke so, sun gaji da otal. Shugabarsu ita ce Malama Ikram, wadda ta yi karatu a waje ta dawo da ƙaton tabarau. Tana shiga soron gidanmu na Ƙofar Wambai, ta ɗaga kai ta ga ɗaurin gugan rufinsa, sai ta dafe ƙirji. Ta ce irin duhun da ke cikin soron nan ko a Turai ba a samunsa. Mu tun muna yara muke tuntuɓe a cikin duhun nan muna tsine masa, ashe dukiya ce ba mu sani ba.

Mahaifinmu, Malam Muttaka mai zare, sharaɗi biyu kawai ya kafa: ba kiɗa, ba rawa. Nazeer ya ce, "Baba, ko magana ma da ƙyar ake yi a ciki." Baba ya ce to su je su yi, ya koma ɗakinsa wurin rediyonsa.

Sai na gaya muku abin da ke tsakanin Baba da surukina, in ba haka ba ba za ku gane abin da na aikata ba.

A ƙofar gidanmu akwai wani dakali. Shekara talatin, duk bayan la'asar, mutum biyu ne a kansa: Baba da amininsa Goni Bashir na Ƙofar Ruwa, mai rubuta Alƙur'ani da hannu. Baba Bafulatani ne na birni, wanda ba shi da saniya ko ɗaya kuma bai san "zo in kashe ka" da Fillanci ba. Goni Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga Borno. Don haka wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya samu gindin zama, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kullum a kan wannan ake tashi. A kan dakalin nan aka yanke maganar aurena da Anas, ɗan Goni, kuma da yardata, kada wani ya ara min baki.

Ina da cikin fari mahaifiyarmu Hafsat ta rasu. Goni da bakinsa ya yi wa Baba alkawari, in mace aka haifa sunanta za a mayar. Aka haifi mace. Ranar suna, a ƙofar gidan Goni, aka raɗa wa yarinya Zara. Baba yana riƙe da goronsa a tsakiyar jama'a ya ce, "Ashe a allo kake rubuta alkawari, Goni, ka wanke ka shanye." Mutane suka yi dariya, sun zaci wasan da aka saba ne. Da suka ga Baba ba ya dariya sai kowa ya haɗiye tasa. Goni ya miƙe ya ce, "Wallahi ƙafata ba za ta sake taka ƙofar gidanka ba sai ranar da zan zo gaisuwar mutuwarka."

Shekara bakwai ke nan. Babu wanda bai yi musu magana ba. An tuna wa Goni cewa rantsuwa tana da kaffara, kamar shi ne bai sani ba, mutumin da ya rubuta ayar da hannunsa ya fi sau goma. Ba ciyar da miskinai goma ne ya gagare shi ba, ba kuma azumin kwana uku ba. A daminar da ta wuce Baba ya yi kwana tara a asibiti da ciwon zuciya. Goni ya aiko da rubutu a gora, bai zo ba. Ni nake jinya, na ga yadda Baba yake juya ido duk sanda aka turo ƙofa. Tun daga nan tsoro ɗaya ya zauna min: kada rantsuwar nan ta cika yadda aka yi ta.

Ranar Asabar da hantsi aka buɗe biki. Malama Ikram ta zo da dokokinta. Ba kujera, tabarma za a shimfiɗa, wai don a ji ƙasa. Kowa ya cire takalmi a bakin ƙofa. A kashe waya. Ba tafi, ba hira, kuma in an fito daga kowane fim a yi shiru na ɗan lokaci, wai don fim ɗin ya zauna a zuciya. Soron mutum ashirin da biyar yake ɗauka, saura su jira a waje. Saboda rana aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi har bakin lungu. Ta hana lemon kwalba, ta ce dabino da ruwa za a zagaya da su.

Ina tsaye a ƙofar ciki ta soro tare da gwaggonmu 'Yardada, yayar Baba, muka kalli na farko. Wani Bature ne yake fere dankali, minti goma sha takwas, ba uffan. 'Yardada ta bi wuƙar da ido har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan ɓarna yake, rabin dankalin a ɓawo yake tafiya." Na biyu ɗigon ruwa ne yana faɗa wa bokiti. Mutane suka fara fitowa fuska a murtuke, ido ya yi ja saboda duhu, su nemi gefen tabarma su zauna su sunkuyar da kai kamar yadda aka umarce su.

To ku da kanku ku duba. Rumfa a ƙofar gida da hantsi, tabarmi, tarin takalma, maza sun yi jugum ba mai magana, ana zagayawa da dabino, kuma gidan dattijon da kowa ya san bai daɗe da fitowa daga asibiti ba.

Alhaji Musa mai robobi ne ya fara. Yana kan hanyar kasuwa ya ja burki, ya kafe babur, ya cire takalmi ya tsuguna a gaban wani baƙo da ya zo daga Legas, wanda ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa. Ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta." Ya ɗaga hannu. Baƙon ya ga an ɗaga hannu shi ma ya ɗaga, aka shafa tare. Alhaji Musa bai tambayi wa ya rasu ba, don abin kunya ne ka zo gaisuwa gidan maƙwabcinka kana tambaya. Ya miƙe ya shiga soro don ya ga iyalan mamaci, sai ya tarar da bokiti a jikin bango. Kafin ya juya an nuna masa wurin zama an ɗora yatsa a baki. Ya zauna. Minti ashirin ya yi yana kallon ruwa yana ɗiga.

Da ya fito kuwa bai ce wa kowa komai ba. Ya ga mutum shida sun tsuguna suna gaisuwa, ya sa takalminsa ya wuce. Haka duk wanda ya shiga ya yi, ba mai son ya zama shi kaɗai aka yi wa. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya labari ya zaga rumfunan 'yan zare, layi ya kai bakin titi. Malama Ikram tana ƙirga kawuna kamar ta yi kuka don murna. Ta kama hannuna ta ce, "Kin ga abin da nake faɗa? A Abuja mutum goma sha biyu muka samu. Community ɗin nan suna da ƙishirwar art, ba a dai kawo musu ba ne." Na ce ƙwarai kuwa.

'Yardada ce ta je ta gaya wa Baba cewa ana gaisuwar mutuwarsa a waje. Na zaci zai fito da sanda ya watsa taron. Sai ya kashe rediyo, ya ce, "Su wa da wa suka zo?" Ta fara lissafa masa. Ya ce a'a, shi zai gani da idonsa. Ya yafa mayafi ya lallaɓo ya zauna a lungun soro ta bayan ƙofar ciki, inda duhun Malama Ikram ya fi kauri. Duk wanda ya shigo sai in ji yana cewa a hankali, "Allah sarki, har da wane," ko kuma, "Wannan munafukin me ya kawo shi?" Na daɗe ban ga Baba cikin nishaɗi irin na ranar ba. Amma na lura ko an gama shigowa idonsa ba ya barin ƙofa.

A lokacin wayata ta yi motsi, don ni ban bi dokar kashewa ba. Surukata ce, Ya Amina, matar Goni. Anas yana Maiduguri, ba ta same shi ba. Ta ce, "Zaituna, wani ya zo ya gaya wa Goni wai an kafa rumfa a ƙofar gidanku ana ta gaisuwa. Lafiya?"

Allah ya gani, kalma uku sun isa su kashe maganar. Na dubi lungun da Baba yake. Na ce, "Ya Amina, ina cikin mutane, an hana magana. Sai dai ku zo." Na kashe wayar gaba ɗaya, kamar yadda doka ta ce. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma har yau ina neman gafara a kan abin da ke tsakanin biyun.

Fim ɗin Nazeer ne na ƙarshe kafin azahar. Malama Ikram ta tsaya gaban majigi ta gabatar da shi. Ta ce aiki ne a kan rashi, a kan lokaci, a kan yadda wuri yake tuna jikin da ya taɓa zama a kansa, kuma kada kowa ya nemi ma'ana, a bar hoton ya yi numfashi. Aka kunna.

Dakalinmu ne. Shi kaɗai, daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, minti arba'in da bakwai. Inuwar katanga tana rarrafowa a kansa. Ga wurare biyu da siminti ya goge ya yi santsi, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Can wata akuya ta hau ta duba ta sauka. Nazeer ya rantse min har yau cewa hasken wurin ne kawai ya burge shi, kuma na yarda, don yaron nan ba shi da wayon yin habaici. Baƙi suna ta gyaɗa kai suna ganin rashi da lokaci. 'Yan unguwa kuwa ba su taɓa ganin fim mai bayyanannen labari irin wannan ba. Sai ƙus-ƙus ya tashi, na ji ana cewa "wurin Goni ke nan, na hagun," wani ya ce "kai, yaron nan bai da kunya." Daga lungun Baba ban ƙara jin komai ba.

An yi kamar minti goma sha biyar aka ɗaga labulen ƙofar waje. Na gane shi da tsayinsa da sandarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya sako ƙafar dama. Daga rana ya fito, ba ya ganin kowa, wani ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Abu ɗaya ne mai haske a ɗakin, shi ya kalla. Bai tambayi me ya kawo majigi gidan makoki ba, wataƙila ya ɗauka wani sabon salo ne na 'ya'yan zamani. Ya dai ga dakali, ya ga babu kowa a kai.

"Har kun kai shi," ya ce. "Ba wanda ya aiko min in zo in yi masa salla."

Malama Ikram ta matso a kan gwiwa ta ce, "Baba, don Allah, sai an gama. Akwai lokacin tambayoyi."

Ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaga murya, irin muryar da yake ja wa ɗalibai baƙi da ita. "Jama'a ku shaida, na yafe wa Muttaka duniya da lahira. Kuma ba shi ne da laifi ba. Ni na yi alkawari. Ranar sunan yayana ya zo daga Borno, ya riga ni faɗa wa liman sunan mahaifiyarmu, na kasa buɗe baki in ce masa a'a a gaban mutane. Na ji kunyar in gaya wa Muttaka cewa da furfurata ana yanke min magana a gidana. Shekara bakwai ina cewa gobe zan zo." Ya share fuska da hannun riga. "Ni na yafe masa. Ni kuma wa zan roƙa yanzu?"

Soron ya yi tsit, irin shirun da Malama Ikram ta yini tana nema ba ta samu ba. Ni kam kuka nake yi sosai, na toshe baki da mayafi. Sai murya ta fito daga lungu.

"Babarbare dai Babarbare ne. Ko gaisuwar mutuwar ubangidansa sai ya makara."

Mutum biyu da suka shigo tare da Goni suka yi waje da salati, ɗaya ya tafi da labulen. Haske ya shigo. Ga Baba zaune ya naɗe ƙafa, mayafi a kafaɗa, gemunsa a jiƙe.

Goni ya dube shi ya daɗe. Na ga farin ciki ya taso masa, na kuma ga lokacin da ya tuna a gaban mutum nawa ya yi magana. Ya dogara sanda ya miƙe. "Ashe ba ka mutu ba."

"Ban samu dama ba tukuna."

"To na janye. Duk abin da na faɗa na janye. Kun haɗa baki kun sa na karya rantsuwa."

"Magana zarar bunu ce, Goni," in ji Baba. "Ga shaidu har daga Legas."

Goni ya juya ya fita a fusace. Malama Ikram ta sa aka mayar da labule, ta roƙi jama'a su dawo da hankalinsu kan aikin, saura minti ashirin da shida.

Ni na riga Goni fita ta ƙofar baya. Takalmin surukina ba ya ɓata min, sau nawa ina goge shi: baƙin fata, an yi wa na dama faci. Na tsame shi daga cikin tarin na cusa a ƙarƙashin mayafina na koma gefe. Ya fito yana huci, ya tona takalman nan da sanda, sama da ƙafa ɗari, bai ga nasa ba. Goni ba zai taka titi ba takalmi ba, ba zai kuma sa na wani ba. Tabarmi duk a cike. Ya waiga yana neman inda zai zauna kafin a nemo masa, kuma wuri ɗaya ne ba kowa a kai, don shekara bakwai ba a zama a wurin. Ya zauna a gefen hagu ya juya wa ƙofa ƙeya.

Ba a jima ba Baba ya fito. 'Yan gaisuwar da ba su riga sun shiga ba suka dare, wani ya zubar da dabino. Bai kula su ba. Ya je ya zauna a gefen dama, shi ma ya kalli wani wajen. Sannan na ji Baba ya ce wa iska, "Kaffarar nan, in ciyarwa za a yi, a fara da ni." Goni ya ce wa katanga, "Ba a ba wa Bafulatani, ba ya ƙoshi."

A cikin soro kuwa baƙi suka zauna daram har ƙarshe, suna kallon dakalin da babu kowa a kai. Fim ɗin ne ya zo na ɗaya. Malama Ikram ta rubuta a rahotonta cewa wani dattijo ya fashe da kuka saboda ƙarfin hoton, kuma ba ta yi ƙarya ba. Takalmin sai bayan la'asar ya bayyana.

Wata biyar suka samu. Kullum Goni zai hau adaidaita daga Ƙofar Ruwa, su zauna su yi ta musun wa ya mallaki wa har a kira magariba. Zara takan zauna a tsakaninsu tana cin gyaɗar duk wanda ya fi sakaci. Baba ya koma kiranta Hafsatu, Goni yana ji bai taɓa gyara masa ba.

Ranar wata Talata da asuba Baba ya cika. Goni ne ya yi masa wanka, shi ya ja sallar. Da aka dawo daga maƙabarta aka kafa rumfa a inda aka kafa waccan, aka shimfiɗa tabarmi har bakin lungu. Goni ya ƙi zama a tabarma, ya koma gefensa na hagu a kan dakali.

Ina daga cikin soro na ji tsayuwar babur. Alhaji Musa mai robobi ne, kwanansa biyu a Kaduna, dawowarsa ke nan. Ya dubi rumfa, ya dubi takalma, ya dubi masu sunkuyar da kai, sai ya fashe da dariya. Ko sauka bai yi ba.

"Goni, an dawo da fim ɗin ke nan? Wallahi yau ba za ku kama ni ba. Wanne ake nunawa?"

Goni ya ɗago a hankali. Ya ɗora tafin hannunsa a kan simintin da ya goge a gefen dama.

"Na ran nan ne, Alhaji," ya ce. "Sauko ka zauna. Wannan karon da tsawo."